Jinya A Ƙasar Da Babu Dangi

Waɗanda suka daɗe suna bibiyar wannan fili sun san ba ɗabi'ata ba ce in kawo zancen gidana a jarida. Yau zan saɓa, kuma sai da na nemi izinin mai ɗakina kafin in ɗauki alƙalami, domin rabonta a labarin ya fi nawa yawa. Abin da ya tayar da maganar shi ne, a makon jiya na je Bodinga gaishe da mahaifiyata, na tarar da wani ƙanena yana shirin tafiya Umara shi da matarsa. Ya nuna mini 'yar jakarsa ta rataye yana alfahari: fasfo biyu, biza biyu, tikiti biyu, katin rigakafi, kuɗin guzuri, duk a wuri ɗaya, jakar kuma a wuyansa. Na tambaye shi ita matar me za ta riƙe. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ni ne jakarta." Na san wannan dariyar, don ni ma na taɓa yin irinta.

Shekaru biyu da suka wuce, a ƙarshen damina ana yankan gero, muka tafi Umara ni da iyalina. Ni ɗan Bodinga ne, ita 'yar Shagari, saboda haka kafin mu kama hanyar Kano mu hau jirgi sai da muka kwana huɗu muna zagayen sallama a garuruwan biyu, muna kwana a ɗakunan da sauron damina ya riga ya mallake. Ban kawo komai a raina ba. Wanda aka haifa a cikin sauro ba ya lissafa shi cikin abokan gaba.

Mai ɗakina malamar firamare ce, tana da ilimin boko da na addini daidai gwargwado, kuma a gida ita ke riƙe da lissafin kowa da komai. Amma wannan ce fitarta ta farko daga Najeriya, ni kuwa aikin jami'a ya kai ni taro a ƙasashe uku ko huɗu, don haka na ɗauki kaina madugu. Da muka sauka masaukinmu a Makka na zuba fasfo da kuɗi a ɗan akwatin ƙarfen da ke jikin bango, na rufe da lambar da ni kaɗai na sani. Layin waya ɗaya na saya, na sa a wayata, wayar kuma tana da nata makulli. Lambar wakilin kamfanin da ya shirya mana tafiyar tana cikin wannan wayar. Idan za mu Harami ina gaba tana baya, ba ta taɓa buƙatar sanin sunan unguwar ko na titin ba. Abin da ke cikin jakarta bai wuce riyal 50 na sadaka da carbi da ƙaramin Alƙur'ani ba. A ganina a lokacin, na hutar da ita ke nan, na yi abin da ake kira riƙon maigida.

A rana ta shida, bayan La'asar, kaina ya fara sara, jikina ya yi nauyi. Na ce murar nan ce da kusan kowane baƙon Makka yake kwasa, na haɗiyi maganin ciwon kai na kwanta. Cikin dare sanyi ya rufe ni har haƙorana suna haɗuwa, amai ya biyo baya. Abin da ya faru daga nan a bakinta na ji shi, domin wajen ƙarfe biyu na dare na daina gane inda nake. Ta ce ta yi ta girgiza ni tana cewa, "Malam, mi yas same ka? Malam, hwaɗa mini lambar akwatin nan," ni kuwa ina ta sambatu a kan takardun jarrabawar ɗalibai da ban gama dubawa ba.

Ina so mai karatu ya tsaya a wannan ɗakin na ɗan lokaci. Ga mace mai hankali da ilimi, ga mijinta yana neman fita hayyacinsa, ga kuɗin da za su isa a biya likita a bayan ƙarfen da bai kai kaurin tafin hannu ba, ga lambar wanda zai taimaka a cikin wayar da ke hannunta, amma ko ɗaya ba ta iya kaiwa gare shi. Babu ɓarawon da ya shigo, babu hukumar da ta ƙwace mata komai. Mijinta ne da hannunsa ya kulle ta a waje, cikin ƙauna da kyakkyawar niyya.

Ta zura hijabi ta sauka ƙasa. Ma'aikacin da ke karɓar baƙi bai jin Turancinta, ita kuma Larabcin Islamiyya bai tanadar mata kalmomin zazzaɓi da suma ba. Suna cikin wannan kurman zance sai Allah ya kawo wata dattijuwa, daga cikin matan nan da ke dafa tuwo suna kai wa baƙi a masaukai, ta ji Hausa ta tsaya. Haifaffiyar Makka ce, amma ta ce kakanta daga ƙasar Sakkwato ya taka da ƙafa. Ita ta sa aka buga 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya a Saudiyya, ita ta faɗi sunan titin, kuma ta ajiye kwanukanta ta bi mu har asibiti. Har yau ba mu san cikakken sunanta ba.

A asibiti ba a tsaya neman kuɗi ba kafin a taɓa ni, wannan kam dole in faɗa. Amma an yi wa mai ɗakina tambayoyin da ake yi wa duk wanda ya kawo marar lafiya. Ina takardar shaidarsa? Tana cikin akwatin bango. Mene ne tsakaninku? Mijina ne. Ina shaida? Babu. Yana da wani ciwo da ya daɗe da shi? Yana shan wani magani? Akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa?

A nan ne kunyata ta fi girma. Shekara uku ina shan maganin hawan jini ban taɓa gaya mata ba. Ina ajiye shi a aljihun mota da durowar ofis, wai don kada hankalinta ya tashi, ko da yake idan zan faɗi gaskiya, don kada a ga maigida ya fara lalacewa ne. Ashe ta sani. Ta sha ganin fankon kwalin a aljihun rigata idan za ta ba da wanki, ta yi shiru saboda kara, tana jiran ranar da zan faɗa da bakina. Sunan maganin ne ba ta riƙe ba, sai ta kwatanta da hannu a damtse cewa na awon jini ne, dattijuwar ta fassara. Shekara uku ina ɓoye abin da ba ɓoyayye ba, ita kuma shekara uku tana taya ni ɓoyewa.

Abu na biyu da ta yi shi ne ya ceci raina da izinin Allah. Likitan da ya fara duba ni hankalinsa ya tafi ga zafin rana da ciwon ƙirji, waɗanda su ya saba gani a jikin masu ibada, kuma ba laifinsa ba ne. Ita kuwa uwar 'ya'ya huɗu ce da ta raine su a Sakkwato, ta san wannan rawar sanyi kamar yadda ta san muryar 'ya'yanta. Ta tsaya a kan kalmomi biyu tana maimaitawa: malariya, Najeriya. Aka ɗebi jini aka auna, aka same shi. Sauron Bodinga ko na Shagari (har yanzu muna gardamar na wane gari ne, kowa yana kare nasu) ya ba ni guzurin da ban sani ba, na tsallaka da shi Bahar Maliya. Ƙwayar wannan cuta takan yi mako ɗaya har zuwa wata guda a jiki kafin ta bayyana, irin da ya fi yawa a ƙasarmu kuma shi ne mai saurin taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda idan aka yi jinkiri. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Najeriya suke, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Saboda haka duk ɗan ƙasar nan da zazzaɓi ya kama a Alƙahira ko Landan ko Guwanzu, abin da ya kamata ya fara fita daga bakinsa ko bakin matarsa shi ne daga inda ya fito da kuma yaushe. Kwana huɗu na yi a gado ana yi mini allura ta jijiya da ƙarin ruwa.

A cikin waɗannan kwanaki huɗu, ina kallonta tana barci a zaune kan kujerar roba, na fara tunanin abin da jinya take nufi a wurinmu.

A Bodinga idan magidanci ya faɗi da safe, kafin Azahar an raba aiki ba tare da an yi taro ba. Ƙane ya nemo mota. Maƙwabci ya san wani ma'aikacin jinya. Ƙanwa ta dama kunu, wani ɗan ɗaki ya miƙa hannu a ɗebi jininsa, wani baffa ya sayar da tunkiya. Duk wanda ya taɓa shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ya ga yadda dangi ke shimfiɗa tabarmi a inuwa, marar lafiya ɗaya masu jinya biyar, ban da 'yan dubiya da ke tura ɗan abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin matashin kai. Kuma aikin a rabe yake tsakanin maza da mata. Namiji 'yan'uwansa maza ke kwana da shi. Mace kuwa uwarta da yayyenta da ƙannenta ke karɓar ta, sau da yawa ma a ce ta tafi gida ta yi jinya, sai ta warke ta dawo. Wannan ni'ima ce babba, wadda mutanen ƙasashen da suka fi mu asibitoci suke kwaɗayin irinta. Sai dai ta lulluɓe mana wani giɓi. Mutum zai yi shekara ashirin da aure bai taɓa kwana a gefen gadon matarsa a asibiti ba, bai san rukunin jininta ba, bai san sunan ƙwayar da take sha ba. Aikinsa ya biya kuɗi ya leƙo da lemu. Ita ma ba ta san inda takardunsa suke ba, ba ta san nawa ke asusunsa ba, don ba a taɓa buƙatar ta sani ba: akwai ƙannensa.

Jirgi na tashi, duk waɗannan hannuwa suna zama a ƙasa. Aikin mutum ashirin ya koma kan mutum ɗaya, wanda ba a taɓa koya masa ba.

Kakanninmu da suka yi hanyar gabas da ƙafa ba su san wannan matsalar a wannan siffa ba, ko da yake wahalarsu ta ninka tamu. Hanyar ba ta taɓa zama mai sauƙi ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Bodinga ke alfahari da zaman da ya yi a cikinta, ya ɗaura niyyar gabas a zamanin jihadi amma bai wuce Kano ba ya dawo. Waɗanda suka ci gaba a bayansa sukan bi ta Barno, su tsallaka Wadai da Darfur, su ratsa Al-Fashir da Al-Ubayyid har Sawakin a bakin teku, tafiyar da kan ci shekaru. Amma a ayari suke tafiya, ayari kuwa gari ne mai motsi. Akwai madugu, akwai malami, akwai tsohuwar da ta san saiwa da ganye, akwai ungozoma. Idan matar wani ta kwanta, matan ayari ne ke kanta. Idan ciwon ya yi tsawo, mijin ya yada zango ya nemi ƙodago har ta tashi, wani ayarin ya zo su bi shi. Da yawa ba su ƙara gaba ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da unguwannin Hausawa da ke gonakin audugar Jazira, da su kansu Hausawan Makka irin dattijuwar da ta taimake mu, duk 'ya'yan wannan hanya ne. Abin da muke yi a sa'o'i biyar su a shekaru suka yi shi, amma ba su taɓa zama su biyu rak ba.

Aikin Hajji na yau ya riƙe ɗan abin da ya rage na ayari. Akwai Hukumar Alhazai ta Ƙasa da aka kafa da dokar 2006, akwai hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, akwai tawagar likitoci masu jin Hausa, akwai jami'in ƙaramar hukuma da ya san kowa da sunan ƙauyensa. Duk da haka ba a tsira ba. Wani dattijo daga dangin mai ɗakina a Shagari ya ba ni labarin yadda matarsa ta yanke jiki ta faɗi a Mina, tantinta daban nasa daban, sai da aka nemo shi. Likita ya tambaye shi wane magani take sha na ciwon suga. Ya ce abin da ya iya faɗi kawai shi ne, "Ɗan hwari na, ƙarami." Maganin kuma ta juye shi daga kwalinsa zuwa ƙullin leda tun a gida don kada ya cika mata jaka. Shekara talatin da biyar suna tare. Da yake ba ni labarin bai yi dariya ba.

Zafin wurin kuma ba abin wasa ba ne, har ga mu 'yan Sakkwato da ke taƙama da cewa rana ba ta ba mu tsoro. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba, ba su da tanti ba su da mota. Mai hawan jini da mai ciwon suga da mai ciwon ƙoda su wannan zafi ke fara kayarwa. Su ne kuma, abin takaici, suka fi ƙwarewa wajen ɓoye ciwonsu a lokacin tantancewa don kada kujera ta kuɓuce, kamar yadda wasu mata ke ɓoye juna biyu. Wanda ya ɓoye wa likitan hukuma ya cuci kansa. Wanda ya ɓoye wa abokin tafiyarsa ya cuci mutum biyu.

To wannan a Hajji ke nan, inda ake da hukuma. Mai Umara, da ɗan kasuwar da ya ɗauki matarsa zuwa Dubai, da malamin jami'ar da ya tafi ƙaro karatu Malesiya da amaryarsa, ba su da kowa. Mafi ban tausayi su ne masu fita neman magani Masar ko Indiya. An shirya komai a kan cewa ɗaya ne marar lafiya ɗaya mai jinya, ba a taɓa tambayar abin da zai faru idan mai jinyar ne ya kwanta ba, alhali baƙon abinci da rashin barci da damuwa sun isa su kayar da ƙato.

Na san abin da wasu magidanta za su ce, domin na faɗi wannan magana a majalisarmu an mayar mini da martani. Wani ya ce idan ka ba mace lambar sirrin katinka yau, gobe kishiyarta za ta ji, jibi danginta. Ban raina wannan damuwar ba, kowa ya san gidansa. Amma ba a ce ka buɗe mata littafin dukiyarka ba. Kuɗin tafiya daban ne. Raba guzurin biyu, rabi a jikinta rabi a jikinka. Lambar akwatin masauki ku zaɓe ta tare. Wayarka, na tsawon kwana goma sha huɗu, ta san yadda ake buɗe ta, idan kuwa akwai abin da ke ciki da ba ka son ta gani, to wannan wata matsala ce da ta girmi tafiyar, kuma ba a wannan fili za mu warware ta ba. Layin waya na biyu bai kai kuɗin turaren da za ka sayo tsaraba ba.

Wani kuma ya ce tasa matar ba ta yi boko ba, ko an ba ta takarda ba za ta karanta ba. Ai ba ita za ta karanta ba, miƙawa za ta yi. Kati ɗaya a jakarta, da Larabci da Turanci, mai ɗauke da sunanta da naka, da sunan masauki, da ciwon da kowannenku ke da shi, da sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwali, da lambar wani a gida da wani a can. Matar da ta iya riƙe lissafin adashin mutum talatin a ka ba za ta gaza haddace lamba uku ba: 997 ko 911 a Makka, 123 a Masar, 112 a ƙasashen Turai.

Akwai batun shaidar aure, wanda ba mu cika tunawa da shi ba. Aurenmu a gaban shaidu ake ɗaura shi, da waliyyi da sadaki da goro, gari duka ya sani, amma da yawa babu takarda. Matanmu kuma sunan ubanninsu suke riƙewa, wanda shi ne daidai a addini da al'ada. Sakamakon haka fasfo biyu ba sa nuna wata alaƙa tsakanin masu su. Masu dogon tunani za su tuna watan Satumba na 2012, lokacin da aka tsare mata maniyyata 'yan Najeriya fiye da 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina a kan batun muharrami, har aka dawo da wasu, gwamnati ta naɗa Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya jagoranci tawagar sasantawa. Cikin waɗanda abin ya shafa har da matan da ke tare da mazajensu, sunaye ne kawai ba su dace ba. Saudiyya ta sassauta wannan sharaɗi daga baya, amma a ƙofar ɗakin tiyata, a kowace ƙasa, idan ana neman wanda zai sa hannu, tambayar tana nan. Takardar shaidar aure daga kotu ko hukumar da ta dace aikin 'yan kwanaki ne.

Magani kuma a bar shi a kwalinsa, tare da takardar likita, a jakar hannu, ba a babban akwatin da kan iya ɓata a hanya ba. Wannan ba don likitan can kaɗai ba ne. Wasu ƙwayoyin da ake saye a kantin magani na unguwa kamar gyaɗa, irin su tiramadol da masu kodin, a Masar da Daular Larabawa da Saudiyya suna iya kai mutum kurkuku idan babu takarda. Allurar sanƙarau da Saudiyya ke sharɗantawa a yi ta da gaske, aƙalla kwana goma kafin isa, kada a tsaya ga sayen kati mai hatimi. Mu da annobar 1996 ta sa aka hana maniyyatanmu shiga ƙasa mai tsarki, muka kuma sake ganin ta a Zamfara da Sakkwato a 2017, bai kamata a yi mana wa'azi a kan wannan ba.

Inshora ma haka. Sai da na warke na gane cewa kuɗin bizar Umara ya haɗa da inshorar lafiya ta gaggawa. Na biya, ban sani ba, wanda ya shirya mana tafiyar bai faɗa ba, ni ma da digirina uku ban tambaya ba. Mai neman bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen dole ya nuna inshorar da ta kai yuro 30,000, amma mutum nawa ne ke karanta takardar bayan an buga masa biza, balle ya nuna wa matarsa lambar da za ta kira? Yawancin irin wannan inshora ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya riga ya zo da shi daga gida, kuma gara a san haka tun ana Sakkwato. Ni abin da ya fi cin kuɗina ma canjin tikiti ne da ƙarin kwanakin masauki, don likita ya hana ni hawa jirgi sai na ƙara mako guda.

Masu cewa wannan duk rashin tawakkali ne, cuta da mutuwa na Allah ne, ba na jayayya da rabin maganarsu. Amma ayar da ta yi maganar Hajji ita ce ta yi umarni da riƙon guzuri, guzuri kuwa bai tsaya ga garin kunu da yaji da kilishi ba. Kuma ga mazan da ke ganin jinyar mace ba aikinsu ba ne, tarihin da muke karantarwa a Islamiyyu ya ishe mu. Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai halarci Badar ba saboda yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), aka kuma ba shi ladan wanda ya halarta da rabonsa na ganima. Uwar Muminai Ummu Salama ta yi ɗawafi a kan abin hawa saboda rashin lafiya, da izinin Annabi (SAW). Addinin da ya yi wa marar lafiya wannan rangwame, ya ɗaukaka mai jinya zuwa wannan matsayi, bai bar mana hujjar zuwa ƙasar mutane ba mu san abin da ke damun juna ba.

Akwai tambaya ɗaya da mai ɗakina ta yi mini bayan mun dawo, muna kan hanyar Shagari za mu kai tsaraba, mun wuce Bodinga da kaɗan. Ta ce a daren nan, tana zaune a barandar asibiti, abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne idan ta Allah ta kasance, a can za a binne ni, ita kuma ta fara takaba a ɗakin haya, fasfonta a kulle, ba ta san ko ta wace ƙofa ake zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ba. Ta ce, "Malam, da ka tafi, da wa ka bar ni?" Na buɗe baki in ce da Allah, sai na ji nauyin faɗin haka, domin Allah ya ba ni dama in bar mata lamba huɗu kacal, na hana. Na ce, "Malama, ki yafe mini." Ta ce ta yafe tun a kujerar roba.

Wannan labari na ba ƙanena a zauren gidanmu a makon jiya. Ya saurara, ya ce ai shi lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Matarsa tana daga bakin ƙofa ta kawo mana fura, ta ɗan rusuna ta ce, "Yaya, ni dai tambaya ɗaya gare ni. In shi ya faɗi, wa zan kira?" Ya dube ta, ya dube ni, ya fara laluben wayarsa. Na ce ya bar wayar ya kawo takarda da biro. Muka zauna mu uku muka rubuta, aka ciro fasfonta daga jakar wuyansa aka miƙa mata, aka ƙirga riyal aka raba. Wajen layin da aka tanada don magunguna sai ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce a rubuta masa na gyambon ciki, wai ya kai wata takwas yana sha. Matar ba ta ɗago kai ba, ta faɗi sunan maganin da adadin da yake sha a rana.